Injin Wankel a Ƙananan Jiragen Sama: Fetur da Zafi

Injin Wankel, wanda aka fara gwadawa a Jamus a 1957, ba shi da fistan. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa. Masu harhaɗa ƙananan jirage a gida, musamman a Amurka, sukan ciro samfurin 13B daga motar Mazda.

Babbar matsalarsa zafi. Lokacin tashi injin na aiki iya ƙarfinsa, alhali iskar da ke ratsa lagireto kaɗan ce, saboda haka akan ƙara fetur don rage zafin. Idan jirgi ya lula sama, iska takan ragu, sai a rage fetur. Man inji kuwa sai an yi masa na'urar sanyayawa daban, domin shi ke kwashe zafin ƙarfen nan. In an yi sakaci, injin na iya mutuwa a sararin sama.