Yadda Ake Shirya Kusurwar Maharbi a Ƙaramin Ɗaki

Da zarar an kai amfanin gona rumbu, ciyawa ta bushe, sai ka ga maharba a ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji sun fara zaro bindigoginsu daga inda suka kwana tun farkon damina. Wata daga ƙarƙashin gado, wata daga saƙon rufin ɗaki, wata jingine bayan ƙofa tare da fartanya. Wurin ajiyar nan shi ya fi komai lalata bindiga, shi kuma ya fi jawo haɗari a gida. Maharbi na iya ware wa kayansa kusurwa guda ko da ɗakinsa bai wuce ƙafa 10 kowane gefe ba, kuma aikin bai fi na kafinta ɗaya da wuni biyu ba.

Sai dai kafin a kira kafinta a san abin da teburin zai yi. A Amurka mafarauta da yawa suna da teburi a gida inda suke sake ɗura kwanson harsashin da suka harba, dokar ƙasarsu kuma ta yarda. Tamu ba ta yarda ba. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta hana ƙera bindiga ko harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko da izini na musamman. Dokar ta kasa bindigogi kashi uku: na yaƙi sai da lasisin Shugaban Ƙasa, irin su mai baki biyu ta farauta sai na Sufeto Janar, adakar da ake ɗurawa ta baki kuma na Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Don haka teburin maharbi a ƙasarmu na shara da shafa mai da ajiya ne. Wanda bai da takarda ya fara da ita, ya bi ta hannun Sarkin Baka ko shugaban ƙungiyar maharba na garinsu zuwa ofishin 'yan sanda. Bayan kisan da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, waɗanda akasarinsu mutanen yankin Bunkure ne, ba wanda zai ce wa maharbi takarda wasa ce. Ba ta hana zalunci, amma rashinta yana ba mai sharri abin faɗa.

Sai zaɓen ɗaki. Shagon maigida ko ɗakin da ke jikin zaure ya fi, muddin yana da ƙofar da ake kullewa kuma ba hanyar yara ba ne. Ɗakin da uwargida ke kunna turaren wuta, ko ake shigar da kaskon garwashi da hunturu, ko ake kunna maganin sauro mai hayaƙi, an cire shi daga lissafi. Haka ɗakin da ake kwantar da babur da jarkar fetur. A cikin ɗakin kuma a duba bangon da rana ba ta duka da yamma, domin rufin kwano a bazara yana mai da ɗaki tanda, sannan a duba gindin bangon ko yana jiƙewa. Kudancin Kano ya fi arewacinta ruwan sama, garuruwan da ke bakin madatsar Tiga kuwa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, suna da laima ko da rani. Bangon da ka ga farin gishiri ya fito a gindinsa, ko gara ta yi hanya a jikinsa, ka nemi wani.

Teburin ba ya son girma. Tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2 ya isa a kwantar da adaka a juya ta, tsayinsa ya zo wa mai shi ƙugu don ya yi aiki a tsaye ba tare da sunkuyo ba. Katako za a yi da shi, mai kauri, kada a shimfiɗa masa langa-langa a sama, domin ƙarfe kan ƙarfe yana ba da tartsatsi. A ce wa kafinta ya nutsa kan kusoshi cikin katakon ya toshe ramukan. A manna teburin da bango da ƙarfen kusurwa biyu don kada ya yi rawa, a buga masa ɗan siririn katako a gefuna uku don kada ƙananan abubuwa su gangara ƙasa. In ɗakin ya cika matsewa, a yi mai naɗewa: faifan katako da maɓallai a jikin bango da ƙafafu biyu masu lanƙwasa, a gama aiki a ɗaga shi ya kwanta a bango. A kan teburin a kafa gutsuren katako biyu da aka yi wa tsaga aka lulluɓe da tsohuwar fata, su ne matashin da bindiga za ta kwanta a kai. A tsara su yadda bakinta zai fuskanci bango mai kauri na waje, ba ƙofa ba, ba taga ba, ba kuma bangon da iyali ke kwana bayansa ba. Bangon ƙasa mai kauri ya fi bulon siminti mai rami ba da kariya.

Haske ya fito daga taga ko fitilar sola ko tocila mai batir. Aci-bal-bal da fitilar ƙwai da kyandir ba su da wuri a nan, taba ma haka, ko ta baƙo ce. A ajiye bokitin ruwa kusa da ƙofa.

Inda aka fi kuskure shi ne albarushi. Yawancin mutane gani suke akwatin ƙarfe mai kwado shi ne mafi aminci, alhali albarushin da wuta ta kama a sarari ci yake ya wuce, wanda aka matse cikin ƙarfe mai ƙarfi kuwa fashewa yake ya watsa ƙarfen. Saboda haka akwatinsa na katako ne, mai murfi da kwado, ba a ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe ba. A ɗora shi kan kanta a sama, nesa da ƙasa saboda laima, nesa da kwanon rufi saboda zafi. A bar albarushin cikin mazubinsa mai rufuwa da kyau, kada a juye shi a kwalbar gilashi, kada kuma a gwangwanin madara ko robar lemo da yaro zai ɗauka abin ci ne. Albarushi yana shan laima, in ya sha sai ya dunƙule, daga nan ne ake samun bindigar da za a ja kunama ta yi shiru, mai ita ya sauke ta ya leƙa, sannan ta tashi. Wanda ya jiƙe ba a shanya shi kusa da murhu. Abin da ke tayar da wutar harbin kuma a ware masa nasa ɗan akwatin a wata kanta dabam, kada su kwana wuri ɗaya da albarushi. A sayi kaɗan, gwargwadon fita ɗaya ko biyu. Tara da yawa a ɗakin kwana ba dabara ba ce, ko da an ce kuɗinsa zai tashi. Garin da ke cikin harsashin zamani kuwa ba na adaka ba ne ko kusa. Ƙarfinsa ya fi abin da bututunta zai iya ɗauka, yana tsaga ta a hannun mai ita.

Ita bindigar tana da nata wurin na uku. A kafa ƙugiya biyu a bango sama da kan mutum, ko a yi mata siririn kabad na katako mai kwado. In ƙugiya ce, a zura sarƙa ta zoben da ke kare kunama a kulle da wani zobe da aka dasa a bango. Makullan akwati da na bindiga su zauna a jikin maharbi, ba ƙarƙashin tabarma ba, domin yaro ɗan shekara bakwai ya san duk maɓoyar gidansu fiye da ubansa. Ba a rataye bindiga da ɗuri. Na san hujjar da ake kawowa, musamman a ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore inda ɓarayin shanu suka sha addabar mutane: in an zo da dare yaushe zan tsaya ɗuri? Tsoron gaskiya ne. Amma daren da ɓarawo zai zo ɗaya ne cikin ɗaruruwa, yara kuwa kullum suna gidan, kuma ɗurin da ya yi makonni a bututu a wuri mai laima ba shi da tabbacin tashi ranar da ake bukatarsa.

Adaka ba ta buɗewa ta baya balle a leƙa a ga ko da ɗuri, don haka a yi wa sandar ɗurinta alama. Ranar da ka tabbatar ba komai a ciki, zura sandar har ƙasa ka yi mata tsaga daidai bakin bututu. Daga ranar, duk lokacin da bindiga za ta hau teburi, a cire abin tayar da wuta, a zura sandar, fuska da yatsu a gefe. In alamar ta tsaya sama da baki, akwai abu a ciki, ba ta shiga ɗaki ke nan sai an fita daji an sauke shi.

Shara a ranar da aka dawo ake yin ta, ko da an gaji. Tokar albarushi tana jan ruwa daga iska ta ci ƙarfe cikin kwana kaɗan. Ruwan zafi da ɗan sabulu ke wanke ta, a yi ta zura tsumma har ya fito fari, a bar bututun ya bushe sarai, sannan a shafa man keken ɗinki kaɗan ciki da waje. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo, baƙin man inji kuma datti ne. Wankin a tsakar gida za a yi shi, busarwa da shafa mai ne na teburi. Tsumman da ya sha mai kada a tara shi a lungu. Kayan aikin kaɗan ne, sukuddireba da ɗan buroshi da kwalbar mai da tsummoki, duk su rataya a allon da ke saman teburi tare da burgami da wuƙa. In ka ga tsaga a bututu, ko kumburi, ko kunama ta fara sakin kanta, aikin ya wuce teburinka. A kai wa maƙerin da hukuma ta ba izinin wannan gyara.

Saura darma, wadda ba ta ƙara ba ta hayaƙi, shi ya sa ake raina ta. A 2010 gubar darma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin darma a jiki da za a kira marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa in sun haɗiye ta. Darmar maharbi ba ta kai ta mahaƙa yawa ba, amma hanyar shigarta ɗaya ce, daga hannu zuwa baki. A zuba ta cikin roba mai murfi a kulle. Kada a narka darma a ɗaki ko a tukunyar girki, wannan kuwa har da masuntan Tiga masu yi wa birgi nauyi da darmar tsohon batir. Teburin da ƙasansa da jiƙaƙƙen tsumma ake goge su, tsintsiya ƙura take tayarwa. Ba a cin goro ko tuwo a kansa, a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki yaro. Naman da aka harbo ma a yanke kewayen raunin a zubar kafin ya shiga tukunya.

Takardar lasisi a sa ta cikin leda a manna a cikin murfin kabad, a yi hotonta a riƙe a burgami, wani kuma a waya. Mai bin hanyar Jos ya tuna cewa Falgore gandun namun daji ne na gwamnati, lasisin riƙe bindiga bai ba kowa damar harbi a cikinsa ba. Kafin ruwan farko ya sauka a sake bin kusurwar gaba ɗaya: a duba rufi ko yana yoyo saitin kanta, a duba ƙafafun teburi ko gara ta fara, a ƙara wa bututu mai, a rataye bindigar bakinta na ɗan kallon ƙasa don kada man ya gangara ya taru a gindinta. A tsakiyar watan Agusta, lokacin da laima ta fi yawa, a sauko da ita a sake dubawa.