Yadda Ake Tsara Ɗaki Da Saita Majigi Kafin A Haska Bayani Daga Waya

Ɗalibi ya yi kwana uku yana tsara shafukan bayaninsa a waya. Ranar gabatarwa an aro majigi, an jona, hoto ya fito a bango. Bai kai ga shafi na biyu ba sai wani daga baya ya ɗaga murya: "Malam, ba ma gani fa!" Daga nan hankalin jama'a ya watse, wasu suka koma latsa wayoyinsu. Haka take faruwa a taron bita, da walimar Islamiyya, da zaman ƙungiyoyin matasa.

Sau da yawa majigin, wanda wasu ke kira furojekta, ba shi da laifi. Kuskuren shi ne fara ajiye na'ura sannan a jera kujeru. Tsarin da ya dace yana farawa ne daga mutumin da ke zaune a layin ƙarshe: shi ke nuna girman allo, allon kuma ya nuna inda za a ajiye majigi. Wannan darasi zai bi matakan ɗaya bayan ɗaya, da misalin ajin makaranta mai tsawon mita 10.

1. A fara da layin ƙarshe

Masu harkar haska hoto suna da tsohuwar ƙa'ida da ake kira 4/6/8. Ana auna nisa daga allo zuwa kujerar ƙarshe, sai a raba:

- da 8 idan bidiyo kawai za a kalla;
- da 6 idan rubutu ne za a karanta, kamar shafukan PowerPoint;
- da 4 idan akwai ƙananan lambobi, kamar jadawalin Excel ko taswira.

Abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin tsayin hoton, daga sama zuwa ƙasa. A ajin misali, kujerar ƙarshe tana mita 9 daga allo, kuma rubutu za a haska. Idan aka raba 9 da 6 za a samu mita 1.5. Allo mai tsarin 16:9 da ke da wannan tsayi shi ne wanda ake kira mai inci 120, faɗinsa kusan mita 2.66. Mai inci 100, tsayinsa mita 1.25 ne kawai, don haka ya yi wa wannan aji kaɗan.

Idan babu tef na awo, tef ɗin tela ma ya isa. Idan kuma bangon ba zai ɗauki girman da lissafi ya bayar ba, sai a matso da kujeru gaba.

2. Tsayin allo da jerin kujeru

Ƙasan hoton ya kamata ya kai kusan mita 1.2 daga daɓe, domin ya wuce kawunan waɗanda ke zaune. A ɗakin da manya za su zo da hula ko rawani, ko mata da ɗaurin ɗankwali, a ɗan ƙara sama. Mita 1.2 a haɗa da tsayin hoto 1.5 ya zama 2.7, ke nan sai an duba silin ya kai hakan.

Layin farko kada ya matsa fiye da ninki biyu na tsayin hoton, wato mita 3 a wannan aji. Wanda ya zauna kusa fiye da haka zai tashi da ciwon wuya. Ta gefe kuma, duk kujerar da ta karkace fiye da digiri 45 daga tsakiyar allo, mai ita zai riƙa ganin rubutu a matse. Wannan ya sa ake son allo ya kasance a gajeren bangon ɗaki, kujeru su jeru ta tsawo.

Jerin kujeru ya danganta da irin taron. Layi-layi babu tebur ya fi ɗaukar jama'a. Idan za a yi rubutu, a sa tebura irin na aji. Idan mutane ba su wuce 20 ba kuma tattaunawa za a yi, a jera su kamar harafin U, buɗaɗɗen bakin yana kallon allo. Hanyar wucewa ta fi kyau a gefe, domin tsakiya ita ce wurin da ya fi daɗin kallo. Mai gabatarwa ya tsaya a gefen allo, ba cikin hasken ba.

3. Ina za a ajiye majigin?

Kowane majigi yana da wata lamba a littafinsa ko a shafin kamfaninsa, mai kama da 1.5:1. Ita ce ma'aunin jifa. Ma'anarta: kowace mita 1 ta faɗin hoto tana buƙatar a ja na'urar baya mita 1.5. Lissafin shi ne faɗin hoto sau wannan lamba. Allo mai faɗin mita 2.66 sau 1.5 ya ba da kusan mita 4. A nan za a ajiye tebur.

Akwai majigi mai gajeren jifa, wanda lambarsa ba ta kai 1 ba. Mai 0.5:1 zai cika wannan allo daga nisan mita 1.3 kacal, kuma inuwar mai magana ba za ta riƙa faɗawa kan hoto ba.

Gilashin majigi ya fuskanci tsakiyar allo sak. Idan aka karkata shi sama da yawa, saman hoton zai fi ƙasan faɗi. Maɓallin kiston yana gyara wannan, amma yana yi ne ta hanyar matse hoton, sai rubutu ya rage kaifi. Gara a ɗaga teburin ya daidaita, a bar kiston don ɗan gyaran ƙarshe.

4. Haske ne babban abokin gaba

Majigin zamanin Turawa da ake yawo da shi gari-gari a Arewa, sai duhu ya shiga ake haska shi a fili. Dalilin bai canja ba har yau. Majigi ba ya iya jefa launin baƙi. Baƙin da ake gani a hoto, farin allo ne da hasken na'urar bai taɓa ba. Idan rana ta haske allon, baƙi ya koma toka-toka, rubutu ya dusashe.

Saboda haka kada a sa allo inda taga ke fuskantarsa. A rufe tagogin gaba da labule mai kauri ko bargo, a kashe ƙwan lantarkin da ke kusa da allo, a bar na baya don masu rubutu.

Ana auna ƙarfin hasken majigi da lumen na ANSI. Aji da rana yana son kusan 3,000 zuwa sama. Ƙananan majigi masu araha da ake tallatawa a intanet sukan zo da manyan lambobi waɗanda ba na ANSI ba, alhali ainihin haskensu bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Sun dace da ɗakin kwana da dare, ba taro ba. A kuma tuna cewa idan aka ninka faɗin hoto sau biyu, hasken zai bazu a fili ninki huɗu, sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

5. Haɗa waya da majigi

Ba kowace waya mai ramin USB-C ke fitar da hoto ba. Sai wadda ke da fasahar DisplayPort a ramin, kamar manyan Samsung Galaxy S na shekarun nan da iPhone 15. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi caji da tura fayil kawai raminsu ke yi, ko wane irin adafta aka saya. Tsofaffin iPhone masu ramin Lightning suna da nasu adaftan na HDMI.

Wanda wayarsa ba ta da wannan, sai ya bi ta Wi-Fi da Miracast, Chromecast ko AirPlay, gwargwadon abin da majigin ke karɓa. Wannan hanya takan kawo ɗan jinkiri ko yankewa, don haka kebul ya fi aminci. Shi ma kebul ɗin HDMI na yau da kullum, idan ya wuce mita 10 hoto na iya fara ɗaukewa.

Kafin a jona, a sauke fayil ɗin a waya, a ajiye kwafinsa na PDF a filasha. A kunna tsarin hana shigowar sanarwa, domin duk saƙon WhatsApp da ya faɗo, jama'a za su karanta shi a bango da manyan baƙaƙe. Girman rubutu a shafuka kada ya gaza 24.

6. Sauti da wuta

Da zarar an jona HDMI, sautin waya kan koma ƙaramar sifikar da ke cikin majigi, wadda ba ta isa aji ba. A ɗauki sauti daga ramin fitar sauti na majigin zuwa babbar lasifika. Lasifikar ta kasance a gaban mai riƙe da makirufo, tana fuskantar jama'a. Idan makirufo ya shiga gabanta, ƙarar nan mai tsinka kunne za ta tashi.

Majigi mai ƙwai yana cin wat 250 zuwa 350, kuma yana zafi sosai. Fankar cikinsa ce ke sanyaya ƙwan bayan an kashe. Idan aka ɗauke wuta ko aka zare soket kai tsaye, fankar ta tsaya, ƙwan yana rage kwana. Ƙaramin UPS yana ba da mintunan da za a tayar da janareta. Kada a toshe ramukan iskarsa da takardu, a kuma share matatarsa lokacin hunturu saboda ƙura. Kebul ɗin da ya ratsa hanya a manne shi da salatef.

Gwajin ƙarshe

A zo wurin awa guda kafin taro, a buɗe shafin da ya fi ƙananan rubutu, sannan mai gabatarwa ya je ya zauna a kujerar ƙarshe ta can lungu. Idan ya karanta komai ba tare da ya ƙanƙance ido ba, kuma yana jin sauti sosai, ɗakin ya shirya. Idan bai iya ba, har yanzu da sauran lokacin matso da kujeru ko ƙara labule kafin baƙi su iso.