DARASI: BINCIKEN SANADIN MUTUWAR YARA BA JAYAYYA DA ƘADDARA BA NE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, ku sani ajali na hannun Allah, babu mai ja da wannan. Amma Allah Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma Ya umarce mu da riƙon sababi. Ku duba Sayyidina Umar (R.A.) a shekara ta 18 bayan Hijira: ya nufi Sham, aka sanar da shi annoba ta ɓarke, ya shawarci sahabbai, ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ne, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce.

To, ga misali a ƙasarmu. A shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin Jihar Zamfara. Yaro ya yi amai, ya kama jijjiga, sai kabari. Da likitoci suka bi gida-gida suna tambayar iyaye, suka auna jinin yara da ƙasar tsakar gida, sai aka gane gubar dalma ce. Ana kawo dutsen zinariya gida a niƙa, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A ƙauyuka biyu an tarar yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu cikin shekara guda. Jimlar waɗanda suka rasu ta haura 400. Da aka san sanadi, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jiki, mutuwar ta ragu ƙwarai da izinin Allah.

Da a ce mayu aka zarga, aka tafi wajen boka, yara nawa za a ƙara binnewa? Ga hasarar rai, ga shirka.

Saboda haka ga aikinku. Kowane masallaci ya buɗe littafi. Idan yaro ko matashi ya rasu, bayan an gama ta'aziyya, a nemi izinin iyaye cikin ladabi a rubuta:

1. Shekarunsa da watan da ya rasu.
2. Alamomin ciwon, ko irin hatsarin.
3. Ruwan da gidan ke sha da sana'ar da ake yi a ciki.
4. Ko an yi masa rigakafi, da ranar da aka kai shi asibiti.

Duk wata uku a zauna da liman da mai unguwa da malamin asibiti a duba. In an ga uku sun nutse a kududdufi ɗaya, a shinge shi. In ƙyanda ce, a tashi tsaye kan rigakafi. Kada a mai da zaman wajen tona asiri ko ɗora wa uwa laifi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya mana zuriya bisa Sunna. Wassalamu alaikum.