Likitan Dole, daga Faris zuwa Landan

Wani malamin makaranta daga Kiru ya aiko da tambaya: shin wasan barkwanci yana ba da dariya bayan an fassara shi?

Malam, mun gode. Yana bayarwa ƙwarai, in mai fassara ya san mutanensa. Moliya, marubucin Faransa, yana da wasan wani mai faskaren itace da matarsa ta sa aka lakaɗa masa duka har ya yarda shi likita ne. An nuna shi a Faris a 1666. A 1732 Henry Fielding ya mayar da shi Turanci, ya sauya sunaye, ya ƙara waƙoƙi, wasan kuma ya karɓu a Landan. A nan gida, Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wasan barkwancin Shakespeare da sunan Daren Sha Biyu.