Darasi Na Tara: Malam-Buɗe-Littafi Mai Launin Farar Wuta

A ƙasashen Turai da wasu sassan Asiya da arewacin Afirka, akwai wani irin malam-buɗe-littafi wanda Ingilishi ke kira brimstone, wato farar wuta, saboda launinsa. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a shekarar 1758. A yau masana suna kiransa Gonepteryx rhamni.

Namijin rawaya ne shar, ta macen kuwa fara ce mai ratsin kore. Kowannensu yana da ɗigo mai ruwan lemo a tsakiyar kowane fiffike. Idan ya buɗe fukafukansa, faɗinsu yakan kai santimita 6 zuwa 7. Sai dai wannan malami ba ya buɗe littafinsa idan ya sauka. Rufe fukafukai yake yi, su zama tamkar ganye, har da jijiyoyi da tsini. Tsuntsu zai zo ya wuce bai gan shi ba.

Yawancin danginsa makonni kaɗan suke yi a duniya bayan sun yi fukafukai, amma shi yakan kusan shekara guda. Da hunturu ya kama, sai ya shige cikin ganyayen da ba sa kaɗewa, ya maƙale, ba ci ba motsi, har tsawon watanni. A jikinsa akwai wani sinadari da ke hana ruwan jikin daskarewa, ko da dusar ƙanƙara ta sauka. Da zarar rana ta fara ɗumi, wajen watan Maris, sai ya farka. Shi ya sa mutanen Ingila ke ɗaukarsa alamar wucewar sanyi.

Duk da wannan juriya, rayuwarsa ta rataya ne a kan wani ɗan itace da masana ke kira Rhamnus, da wani ɗan'uwansa na kusa. Daga nan ma aka samo rabin sunansa. Ta macen takan yi tafiya mai nisa tana neman itacen, ta saka ƙwanta ɗai-ɗai a bayan sabon ganye. Bayan kamar mako biyu sai koriyar tsutsa ta fito, ta yi wajen wata guda tana cin ganyen. Daga nan ta rufe kanta cikin kwanso, ta yi kamar mako biyu, sannan sabon malam-buɗe-littafi ya fito wajen watan Yuli. Sau ɗaya tak ake wannan haihuwa a shekara.

Tsutsar ba ta cin ganyen kowane itace sai waɗannan. Saboda haka, duk inda aka sare su don faɗaɗa gona ko gina gidaje, ta macen ba ta da wurin saka ƙwai, zuriyar kuwa sai ta ƙare a wurin. Wannan ne ya sa masu kula da muhalli a Ingila ke roƙon jama'a su dasa itacen a shingayen gonaki da lambuna. Wanda ke son ganin ƙwaron, dole ya bar masa itacensa.

Ma'anar Kalmomi

farar wuta: wani ma'adini rawaya mai saurin kama wuta
hunturu: lokacin sanyi
daskarewa: ruwa ya yi tauri saboda sanyi
kwanso: abin da ke rufe halitta ya kare ta
zuriya: 'ya'ya da jikoki

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin launin namiji da na ta mace?
2. Yaya wannan ƙwaro yake ɓuya daga tsuntsaye?
3. Ina yake zama da hunturu?
4. Me zai faru idan aka sare itacen da tsutsarsa ke ci?

Aiki

Ku lura da wani malam-buɗe-littafi a harabar makarantarku. Ku rubuta jimloli biyar a kan launinsa da furen da yake sauka a kai.