Kula da Kaji Lokacin Ɗari

Idan an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai iska ta juya. Tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Fabrairu takan taso daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, ta zo mana da hazo da sanyi. Wannan shi ne hunturu. Da asuba sai ka ga yara sun kewaye wuta, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. To, kaji fa? Su ba su hura wuta, ba su kuwa da mayafi. A wannan lokaci ne gidaje da yawa kan rasa kajinsu, har akurki ya zama kango. Amma yaro mai lura yana iya fid da nasa lafiya.

Ku sani, babbar kaza ba ta cika tsoron sanyi ba, domin Allah ya yi mata riga. Zafin jikinta wajen digiri 41 ne, namu kuwa 37. In ta ji sanyi sai ta buɗa gashinta ta kumbura, iska ta shiga tsakanin gashin, ta ɗumama, ta tsare mata zafin jiki. Amma in iska mai ƙarfi tana bugunta, ko gashin ya jiƙe, rigar nan ba ta da sauran amfani.

Saboda haka a fara da gyaran akurki. A sa ƙofarsa ta dubi kudu ko yamma, watau ta ba iska baya. A liƙe tsagar bango da laka. Amma kada a toshe ko'ina ruf, a bar 'yar kafa can sama, gama kashin kaji yana fid da wari mai yaji wanda ke cutar idanunsu da huhunsu. A shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa, a riƙa kwashewa kowane mako ana kai wa gona, taki ne mai kyau. Kada a kai musu garwashi a rufe ƙofa. Iskar gawayi tana kashewa, ga kuma tsoron gobara.

'Yan tsaki su ne abin tausayi. Kaza takan yi kwana 21 tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuwa ba su gama yin gashi sai sun kai mako 5 ko 6. Kafin nan, ƙarƙashin fiffiken uwarsu shi ne bargonsu. Kada a sake su da sassafe. A kife su da kwando tare da uwar, a zuba musu tsaki, sai hantsi ya yi a buɗe su.

Da damina kaza tana samun fāri da tsutsa da ɗanyen ganye. Da ɗari kuwa ƙasa ta bushe, sai ta wuni tana tono ba ta ƙoshi ba, ga shi da abinci jiki ke yin zafi. A ba su dusa da safe, da maraice kuma a watsa musu gero ko dawa, su kwana da ciki cike. In an sami gara a kawo musu, tana gina jikin 'yan tsaki ƙwarai. Kada a ce ai ana sanyi ba su jin ƙishirwa. Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne, kazar da ba ta sha ba kuwa ba ta saka ƙwai. A wanke kaskonsu kullum, a sa 'yan duwatsu ciki don kada ɗan tsako ya faɗa ya jiƙe. A zuba musu toka da rairayi a wuri mai rana, su yi birgima, su rabu da ƙwarƙwata.

Saura babban abokin gaba, watau annobar nan da ke share kaji da hunturu. Turawa suna kiranta da sunan Niyukasil, wani gari a Ingila inda aka gan ta a 1926. Kazar da ta kamu takan yi zugum, ta saki fiffike, ta yi zawo kore, numfashi ya yi mata wuya, wani lokaci wuyanta ya murɗe. In ta kama ba ta da magani, sai dai rigakafi, wanda ya fi magani. Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin maganin rigakafin, akwai irin wanda ake ɗigawa a idon kaza. A nemi malamin dabbobi tun watan Oktoba, kafin iska ta taso.

In an sayo sabuwar kaza daga kasuwa, a ware ta mako 2 tukuna. Wadda ta yi rashin lafiya a raba ta da sauran, kada a kai ta kasuwa a cuci wani. Wadda ta mutu a binne ta cikin rami mai zurfi, a wanke hannu da sabulu, domin akwai wata cutar, murar tsuntsaye, wadda ta shigo Nijeriya a 2006, tana kama har mutane. In kaji suna mutuwa bi da bi, a gaya wa malamin dabbobi nan da nan.

Yara, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. Wanda ya kula da kaza ɗaya da ɗari, kafin damina yana iya ƙidaya goma.

Tambayoyi

1. Ina ya kamata ƙofar akurki ta duba? Don me?
2. Me ya sa 'yan tsaki suka fi jin sanyi?
3. Faɗi alamu uku na annobar kaji.
4. Duba akurkin gidanku yau, ka rubuta abin da ke bukatar gyara.