Jaririn da Harshensa Ya Yi Shuɗi

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a dama, biyu a hagu. Ɓangaren dama ne ke tura jini huhu ya ɗebo iskar oksijin. Daga can jijiyoyi huɗu ke dawo da shi ɓangaren hagu, shi kuma ya rarraba wa jiki.

Akwai jaririn da tun yana ciki waɗannan jijiyoyi suke ɓatan hanya. Maimakon hagu sai su zube a dama. Wasu ma sai sun gangara ta wajen hanta kafin su dawo. Jinin da ya sha iska sai ya gauraya da wanda bai sha ba, jiki ya riƙa samun oksijin kaɗan. Abin da ke riƙe ran yaron shi ne wata 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan sama biyu, wadda jini ke ratsawa ya kai hagu. Ciwon ba kasafai ake ganinsa ba. A Amurka kusan jariri 1 ne cikin 8,000.

Yaya uwa za ta gane? Ƙarancin oksijin kan sa yaro ya yi shuɗi, amma a baƙar fata shuɗin ba ya fitowa sosai a jiki, don haka a buɗe baki a duba harshe da dasashi da cikin leɓe. Ja ya kamata a gani. In sun yi shuɗi-shuɗi ko launin toka, akwai matsala. Yaron yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa. Ya kama nono kaɗan ya saki, zufa ta karyo masa. Ƙiba kuwa babu. In jijiyar ta matse a hanya, ciwon kan tsananta a kwanan farko ko na biyu, kuma wannan ba ya jiran ranar suna.

A asibiti akwai 'yar na'ura da ake maƙala wa jariri a hannu ko ƙafa don auna oksijin a jininsa. Lafiyayye yakan nuna 95 zuwa 100. In ta nuna ƙasa da 90, sai a nemi hoton zuciya da ake kira eko. Sau da yawa akan ɗauka limoniya ce, a yi ta allura, a sa oksijin, amma lambar ta ƙi hawa sosai.

Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ba. Turare, tsaga ko jiƙo ba sa mayar da jijiya mazauninta. Tiyata ce kaɗai ke ɗinke jijiyoyin a ɗakin hagu, a toshe ƙofar nan. Yawancin yaran da aka yi wa da wuri suna girma su yi wasa da tsaransu, sai dai likitan zuciya zai ci gaba da duba su, don wurin ɗinkin yakan sake matsewa ga wasu.